Makiyayin Kwalba Mai Jan Murfi

A ɗakin bincike na hawa na biyu, Makiyayi ake ce masa, ko da yake ko akuya bai taɓa mallaka ba. Garkensa a kwalabe yake: ƙwayoyin halitta waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Shi ke haɗa musu ruwan abinci, shi ke duba akwatin da ake ɗumama su. Tun rasuwar matarsa, da su yake hira.

Dakta, shugabar ɗakin, bincikenta shi ne yadda kowace ƙwaya ke rabuwa biyu. Wasu su tsuke ƙugu su rabe kafin shayi ya huce. Wasu su fito da ɗan ƙullutu a gefe, ya girma ya ɓalle. Amma ta kwalba mai jan murfi, wadda aka ɗebo daga lakar ƙarƙashin teku, ba wanda ya taɓa ganin rabuwarta. Sai dai bayan makonni a tarar sun ƙaru.

"Kunya gare ta," in ji Makiyayi. "Ni kuwa ba zan ajiye aiki ba sai na gani da idona."

"To shimfiɗa tabarma, Baba," Dakta ta ce tana dariya. "Ta fi ka taurin kai."

Ritaya ba ta jira shi ba. 'Yarsa ta zo ɗaukarsa, tana ta danna hon a ƙasa. Ya goge jan murfin da hannun riga, ya ce, "Dakta, kada a girgiza ta. Ba ta so."

Yanzu yana gidan 'yar, a ɗakin da tagarsa ke kallon katanga. Da safe kowa ya watse aiki.

Rannan da hantsi Dakta ta turo masa bidiyon ƙwayar kwalba mai jan murfi, wanda sabuwar kyamara ta kama. Ɗan ɗigo ya miƙe, ya ja, ya ja, har tsakiyarsa ta zama zare. Zaren ya tsinke.

"Kai! Ashe haka kike yi!" Ya waiga don ya nuna wa wani. Falo shiru, sai gurnanin firji.

Da 'yar ta dawo, ya tare ta da wayar. Ta leƙa, jaka na kafaɗa.

"Baba, gilashin ne ya yi datti?" Ta sa gefen mayafi ta goge.

"E, datti ne," ya ce.

Ya koma ɗaki, ya zauna bakin gado, ya sake kunnawa.

"Ke ma dai," ya ce a hankali. "Sai da kika bari na tafi."