Kaskon da Goggo Ta Wanke

A gidanmu na Makama, cikin garin Yola, ƙonewar abinci hawa-hawa ce. Akwai ƙanzo, wanda ba laifi ba ne don shi ma abinci ne: a ɓamɓaro shi daga ƙasan tukunyar tuwo, a shanya, ranar da aka ga dama a jiƙa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Akwai kamu, wato shinkafa ta ɗan manne ta yi ja, wannan jiƙo kawai yake so. Sai kuma wadda ta ƙone ƙurmus, har maƙwabta su san abin da kuka dafa. Mahaifiyarmu, da muke kira Dada, tana da tsarinta a kan irin wannan. A zuba ruwa da 'yar kanwa a mayar kan wuta ya tafasa, a bari ya huce, a kankare da tsohon cokali, sannan a bi da toka da yashi. In kanwar ta sa tukunya ta dafe, a tafasa tsamiya ko ɓawon lemun tsami a ciki, sai haskenta ya dawo. Ni dai da baki na san tsarin. Tun ina yarinya na lura cewa duk wanda ya iya wanke tukunya shi ake bar wa, saboda haka ban taɓa yarda na iya ba.

Yanzu ina Jimeta, ina koyarwa, ina girki da gas. In na ƙona miya, 'yata takan duba waya ta ce a sa bekin soda da ruwan zafi. Yana fitarwa, ba laifi. Amma wankin tukunya na gaske na gan shi ne a shekarar da 'yan tayar da ƙayar baya suka fito daga daji suka shiga Mubi.

A shekarar gidanmu ya cika da masu gudun hijira har ya batse. Ɗakin baƙi, falo, zaure, har shagon da Baba yake tara tsofaffin takardunsa na aikin gwamnati, ko'ina tabarma. Kowa da zaren da ya jawo shi: wannan jikar ƙanwar kakarmu ce, wancan surukin abokin Baba ne. Risho ya gaza, aka aro manyan tukwanen biki aka kafa murhu a tsakar gida. Wadda ta saba dafa wa miji da 'ya'ya aka ce ta riƙa girkin suna kullum, ai dole ta ƙona. Ba ranar da ƙauri ba ya tashi.

Mace ɗaya ce ba ta da zare ko guda. Yayana, da muke ce wa Hamma, ya je tashar Jimeta ɗauko wata goggonmu ta jini, ya dawo da mata biyu. A bayan babbar mota ɗaya suka zo, baƙuwar ce ta riƙe tsohuwar tun daga hanya, kuma da aka zo shiga keke ba wanda ya iya buɗe baki ya ce ta tsaya. Kirista ce, daga wani ƙauye na gindin dutse a wajen Michika, sa'ar Dada ko ta ɗan girme ta. Yara suka haɗa su biyun suna kiran Goggo, sunan ya bi ta.

Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta guda, mai gyaran babur ne a Mubi, kuma ba ta san inda gudu ya kai shi ba. Wayarta ta faɗi a hanya da lambarsa a ciki. Abin da ta iya shi ne ta riƙa komawa tasha tana tare duk wanda ya fito daga wajensu, direbobi da 'yan kamasho da masu shayi, tana cewa in sun gan shi su gaya masa uwarsa tana Makama, gidan da ke da darbejiya biyu a ƙofa. Wannan kwatance shi ne kaɗai abin da ya rage tsakaninta da ɗanta. An taɓa ce mata ko ta bar gidan, in ya zo za a nuna masa inda take. Ta girgiza kai.

“Mutane yana mantawa,” ta ce, da Hausarta da ba ta damu da mutum ɗaya ko da yawa ba. “In ya zo ya ga ba ni, zai wuce.”

Ba wanda ya ba ta aikin tukwane, ita ta ɗauka. Ta san kowa a gidan yana da dalilin zama, ita ba ta da shi, sai ta nemo wa kanta. Kafin a ɗora girki za ta kwaɓa toka da ruwa ta shafe bayan tukunya, don baƙin hayaƙi ya zauna a kan tokar maimakon ƙarfen. In an sauke an kwashe, ta jawo su bakin famfo. Yashinta ma ba kowane ba ne. Takan roƙo a wajen masu gini a bayan layinmu, ta tankaɗe a tsohuwar rariya, mai laushin na cikin tukunya, mai tsakuwar na baya. Tana dirza tana rera waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa da yarensu. Tukwanen aron nan suka yi haske har mai su ta zo ta tsaya tana tambaya ko an musanya mata ne. In wata daga cikin matan ta zo taya ta, sai ta ce a'a, je ki huta. Ba kara ba ce, ba ta son a gane cewa wani ma zai iya.

Da sojoji suka ƙwato garuruwan, mutane suka fara raguwa. Wasu suka koma duba abin da ya rage, wasu suka kama haya a Jimeta, wasu suka samu gona a Namtari. Goggonmu ta jini ma ɗanta ya zo ya tafi da ita. Fanshon Baba ba ya zuwa kan lokaci, buhun masara kuma ba ya jin bayani. Baba ba mugu ba ne, tsohon ma'aikaci ne da ya yarda kowace matsala tana da ofishinta. Ya ce baƙo raɓa ne, kuma wanda ba shi da kowa ya kamata ya je sansanin 'yan gudun hijira ya yi rajista, inda gwamnati ta san da zamansa. Bai ambaci kowa ba, amma mutum ɗaya ce a gidan ba ta da kowa. Dada ta ce “To,” irin to ɗinta da ke nufin a bar maganar ta tsufa. Baba ya san wannan to ɗin, sai ya sa iyaka: ƙarshen wata. Goggo tana bakin famfo ta ji komai. Daga ranar har murafe da ludayi ta shiga bi da toka.

Wadda ta fi kowa goyon bayan Baba ita ce matar Hamma. Muna ce mata Amarya, don ba ta cika shekara da zuwa ba lokacin da gidan ya cika. 'Yar gayu ce, ma'aikaciyar banki, ba ta da yawan magana kuma ba ta da yawan dariya. An kawo ta da kujeru da labule da kafet, kafin ta gama jin daɗinsu yaran baƙi sun yi fitsari a kai. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, amma kowa ya san tana ƙirga ranar da gidan zai koma yadda ta same shi, kuma ban ga laifinta ba. A cikin kayan ɗakinta akwai wani kaskon suya da mahaifiyarta ta sayo mata a Kano, irin mai baƙin shafe a ciki, sumul, wanda abinci ba ya kamawa. Ba a sa masa cokalin ƙarfe. Ita kaɗai take taɓa shi, ta wanke da soso mai laushi a ɗakinta, ta goge ta mayar kwali.

Wata Asabar ta soya wa ƙawayenta dankali, ta fita raka su, hira ta ja ta har bakin titi, daga can suka wuce kasuwa. Kaskon ta bar shi a ƙofar kicin. Goggo ta gan shi.

Daga baya mun ji yadda aka yi. Ta tafasa kanwa a ciki, baƙin bai motsa ba. Ta sa omo da soson waya, ya ɗan yi zane. Ganin haka ta gane ba a banza take yi ba, ta kawo yashi mai tsakuwa da toka, inda ya ƙi kuma ta bi da bakin karyayyen cokali. Yinin ranar a kansa ta ƙare. Da la'asar Amarya ta dawo, Goggo ta tare ta a tsakar gida da kaskon a hannu biyu, fari tas kamar faranti, yatsunta duk sun saɓule.

“Amarya, ga kaskonki. Wannan ya daɗe bai ga wanki ba. Baƙin ya shiga jikinsa sosai, amma na cire duka.”

Amarya ta karɓa, ta juya shi, ta sake juyawa. Ni dariya ce ta taso mini, na danne ta da ƙyar. Dada ce ta matso ta yi bayani a hankali, cewa baƙin nan da shi aka ƙera kaskon, shi ne ma tsadarsa, shi ke hana abinci kamawa.

“Da gangan suka sa baƙi a cikin tukunya?” in ji Goggo.

Ta dubi kaskon, ta dubi hannunta, sai ta durƙusa. Amarya ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. A nan dariyar ta bar ni, tausayi ya kama ni, don na san abin da wannan zai jawo.

Da Baba ya ji bayan magariba, ya ce garin neman gira an rasa ido, kuma ba sai an jira ƙarshen wata ba, Hamma ya kai ta sansani da safe. Wannan karon Dada ba ta da bakin magana. Da tukunyarta ce da ta yafe a take. Amma kayan ɗakin amarya ba na gidan miji ba ne, na iyayenta ne, kuma uwar miji ba ta da ikon yafe kayan 'yar mutane. In labari ya je gidan su Amarya, cewa za a yi an wulaƙanta musu kaya kuma an goyi bayan bare.

Da safe Goggo ta share tsakar gida kamar kullum, ta ɗaure kayanta a ɗankwali, zannuwa biyu ne da littafin addu'a, ta zauna a zaure. Ta roƙi Dada abu ɗaya, kada a sare darbejiyar nan. Hamma ya fita ya dawo da keke. Baba yana kan kujerarsa a ƙofar ɗaki yana sauraren rediyo.

Sai ƙauri ya taso daga ɗakin Amarya. Ta fito fuska a ɗaure, riƙe da farin kaskon, ƙwai ya manne a ciki ya yi baƙi ƙirin har yana hayaƙi. Ta wuce mu duka ta dire shi a gaban Goggo.

“Kin ga aikinki? Da ba ya kamawa, yanzu ko ƙwai ba ya bari. Ni ba zan kashe hannuna a kansa ba. Ki wanke shi kafin ki tafi.”

Ta juya wajen Baba, ta ɗan rusuna.

“Baba, ita ta ɓata shi. Bai kamata ta tafi ta bar ni da wahalarsa ba.”

Baba ya rage muryar rediyo ya dube ta. Mai kaya ce ta yi magana, kuma haƙƙinta take nema, ba alfarma ba. Ya mayar da kunnensa kan rediyonsa. Goggo ta ɗauki kaskon, ta kankara da farce, ta daɗe tana dubawa.

“Wannan sai an jiƙa,” ta ce. “Ba zai fita yanzu ba.”

Mai keke ya yi ta hon har ya gaji, Hamma ya sallame shi. Kaskon ya yini a jiƙe da kanwa, da yamma ya fito fari.

Washegari ƙwai ya sake kamawa. Haka jibi. Na taɓa leƙawa na ga yadda Amarya take yi: wuta har ƙarshe, mai kuwa ko ɗigo babu, ta fasa ƙwan ta koma gefe tana ɗaura ɗankwalin zuwa aiki. Ban taɓa tambayarta ko fushi ne ko tausayi ba, ba irin matar da ake yi wa wannan tambayar ba ce. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, Baba bai sake tayar da maganar ba. Ɗan Goggo bai zo ba a watan, bai zo ba a shekarar, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba, kuma har yau Goggo tana Makama. Duk safiya a lokacin, Amarya za ta fito ta dire kaskon ta ce a wanke kafin a tafi, Goggo ta ce sai an jiƙa.

Ƙullin kayanta ya daɗe a bayan ƙofar zaure, a ɗaure, ba wanda ya taɓa shi. Ranar da ta kwance shi zani ta ciro, don na jikinta toka ta cinye shi.