Muryar da Ke Cikin Kaset

Abin da zan ba ku labari a gidanmu na Kwaciri ya faru, bayan soja sun koma bariki, farar hula sun hau, mu kuwa muna nan inda aka bar mu.

Mai gidana, Allah ya jiƙansa, dillalin atamfa ne a Kantin Kwari. Ba shi da yawan magana, amma yana son kiɗan kukuma kamar ransa. In aka sa waƙar da yake so a rediyo, sai ya jingina rikodarsa da bakin rediyon, ya danna, ya ɗauka a kaset. To ita rikoda ba ta san waƙa daban, gida daban ba. Duk abin da ya motsa sai ta haɗiye. Shi ya sa a cikin kaset-kaset ɗinsa akwai kukan akuyarmu, akwai dakana, akwai shi kansa yana cewa, "Ke, dakata da turmin nan mana, ɗauka nake!" Ni kuma daga can nesa, "To waƙar za ka ci yau?" Sai dariyarsa.

Da ya rasu, na fita takaba, su suka zama abokan hirata. Ba don kukumar nake kunnawa ba.

Ana nan, ana nan, rikoda ta tsufa, ta fara cin zaren kaset. Ɗana na fari ya tarar da ni ina mayar da zaren da tsinke, ya ce, "Inna, wannan ai ta gama yayi. Gobe mu shiga Sabon Gari."

Muka zuba kaset-kaset a buhu, muka ratsa cunkoson Bata, har shagon wani Bayarabe haifaffen Fagge, wanda Hausarsa ta fi tawa gudu.

Ya ce, "Mama, kwamfuta za a ba ki ko jirgin sama?"

Na ce, "Wanda talaka zai iya, wanda kuma ba ya ihu."

Ya kunna mana wata kwamfuta ta gwanjo. Fankar cikinta ta ɗauki gurnani. Na ce, "Alhaji, in na kai wannan gida ai maƙwabta markaɗe za su kawo." Ya yi dariya har da buga tebur. Ga tsada, ga shi in an ɗauke wuta ta mutu. Sai ya ciro wata 'yar rediyo kamar sandar sabulu, da wani abu da bai kai farcena ba, wai shi memori. Caji ake yi mata, ba ta ko numfashi. Na ce ita nake so. A raina na ce, a cikin wannan shirun zan ji shi sosai.

Mai shago ya ce, "Ku bar buhun, zan zuba mata waƙoƙin duka."

Na so in ce masa ba waƙoƙin nake nema ba. Amma ta yaya, a gaban ɗan fari, wanda ko sunansa ban taɓa kama ba, zan buɗe baki in ce muryar ubansa nake nema? Abin da na iya cewa kawai, "A kula da su."

Ashe su ba haka suke aiki ba. Farkon kaset yake saurara, in ya gane waƙar, yana da irinta tsaf a kwamfutarsa, sai ya tura wannan. A ganinsa gata ya yi mini.

Aka kawo rediyo, na shiga ɗaki na kunna. Kukuma ta fito tas, kamar makaɗin yana bakin gadona. Na jira inda turmi yake shigowa. Waƙa ta wuce abinta. Na sa ta gaba, na sa ta gaba. Babu akuya, babu ni, babu shi.

Na ce da ɗana, "Ina buhun?"

Ya ce, "Ai duk sun yi fumfuna, Inna, na ce ya zubar. Lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya lau. Allah ya yi albarka."

Washegari na yafa mayafi na koma shagon ni kaɗai. Da yake mai shago bare ne, sai bakina ya buɗe, na gaya masa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Haba Mama, me ya hana ki faɗa? Masu kwashe shara sun tafi da su." Ya bar shagonsa a buɗe, ya raka ni har juji. Muka tsaya muna kallo. Zare ne baƙi ya nannaɗe a jikin wata ƙaya, iska tana kaɗa shi. Ko namu ne, ko na wasu, Allah masani.

Har yau ɗana bai sani ba. In ya zo gaisuwa nakan kunna rediyon don ya ji daɗi.

Kwanan baya jikata ta tambaye ni yadda muryar kakanta take, mai kauri ce ko siririya. Na buɗe baki zan kwaikwaya mata. Kalmomin suna nan, ban manta ko ɗaya ba. Amma da tawa muryar suke zuwa.