Gaisuwar da na yi a gidan suna

Ni tela ce a cikin garin Daura, kuma a lokacin da abin nan ya faru ina cikin matan da ba sa iya ganin mutum ba su tambaye shi har lafiyar kajin gidansu ba. Ɗana na biyu ya kai shekara biyar bai fara magana ba, likita ya ce galahanga ce. Wata ma'aikaciyar asibiti ta sa ni a guruf na waya, na iyayen yara irinsa. Ranar da na shiga aka turo min ƙa'idoji, na ga rubutun ya yi tsawo, na ce ai ni ba yau na fara zama da mutane ba. Ban karanta ba.

A guruf ɗin akwai wata baiwar Allah da take yawan ba ni haƙuri duk ranar da yarona ya yi ta buga kansa da bango. Ita ma ɗanta haka yake. Ban san sunanta ba, amma na haddace muryarta. Wata rana muka je suna a Mai'adua, sai na ji muryar nan a tsakar gida. Farin ciki ya kwashe ni. Na kama hannunta a gaban mata, na ce ni ce ta guruf, na tambaye ta ya mai jiki, ko ya fara cin abincin da ta ce yana ƙi. Fuskarta ta canza. Tsohuwar da ke gefenta, ashe uwar mijinta ce, ta tambaya wane mai jiki kuma. Dangin mijin ba su san komai ba, ita ce take ta tattara ƙarfin gaya musu.

Kafin la'asar ta fita daga guruf ɗin, wuri guda da take sauke abin da ke ranta. Sai a ranar na buɗe ƙa'idojin. Ta farko cewa take abin da aka ji a nan, a nan yake tsayawa, ko hanya ta haɗa ku. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na roƙi shugabar guruf ta kai mata ban haƙurina, ban kuma neme ta da kaina ba.

Bayan wata biyu ta dawo, ba ta ta da maganar ba. Yanzu ni ake ba sababbin shiga in yi musu maraba, kuma da labarin nan nake farawa. 'Yan uwa, ku karanta ƙa'ida kafin ku buɗe baki, ku bar mai labari ta ba da labarinta da kanta. Kwanan baya muka haɗu a kasuwa tana tare da tsohuwar, na gaishe su na wuce. Baiwar Allahn ce ta kira ni, ta ce in tsaya in ji: ɗanta ya buɗe baki ya ce Umma.