Baba Sanyi, Ranar da Kuka Cika Tara

Daga Allah muka zo, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha bakwai ga watan Agusta, Allah Ya karɓi ran Baba Sanyi, mai gyaran firji da ke da rumfa daura da ƙofar ƙaramin asibitinmu. Ya rasu yana da shekara sittin da huɗu, a ɗakin da aka keɓe wa masu wannan annoba, bayan kwana shida yana kokawa da numfashi. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar da jikoki. Ina cikin auna nauyin wata jaririya babbar 'yarsa ta kira ni. Kuka take yi, ni kuma ban bukaci ƙarin bayani ba.

Ni ce ma'aikaciyar jinya mai kula da ɗakin rigakafi a asibitin. An ce da sanyin zuciya ake rubuta ta'aziyya. Na gwada, Baba, sau uku ina yaga takarda. Zuciyata ba ta yi sanyi ba, kuma ba zan yi maka ƙarya kana kwance a kabari ba. Raina a ɓace yake, da wasu mutane, da kuma ni kaina.

Shekara goma sha ɗaya na san ka. Kafin ka tambaye ni lafiyar gida, sai ka tambayi lafiyar firjin da muke ajiye allurai. Kakan kara kunne a jikinta kamar likita, ka ɗaga mini yatsa in yi shiru. Idan na buga ƙofarta da ƙarfi sai ka harare ni ka ce, "A hankali, 'yata. Tsohuwar nan ta riga ki kama aiki, ki riƙa girmama ta." Masu ciwon suga na unguwa, irinka, a firjin rumfarka suke ajiye allurarsu idan an ɗauke wuta, kowa da sunansa a jikin leda da rubutunka mai kama da tafiyar kaza. Iyaye mata da suka yi layi da goyo a rana sun san jarkar ruwan sanyi da kake turowa. Ba ka taɓa tsayawa a yi maka godiya ba.

Ba zan manta da makon da rigakafin annobar ya iso ba. Ana tsakiyar dokar kulle, an hana mota, an hana babur, an rufe kasuwa. Kwana biyu da zuwan kayan, da azahar, firji ta yi tsit. Na ga ma'aunin sanyi yana hawa, ga allurar mutum ɗari huɗu a ciki. Na kira ka. Daga gida ka taho a ƙasa, da jakar kayan aiki a kafaɗa, da ƙafafun nan naka masu kumburi. A shingen hanya jami'an tsaro suka tare ka, suka ce ba ka da takardar izinin fita, suka zaunar da kai a rana fiye da awa guda, wani yaro sa'an ɗanka ya zuba maka sanda a baya. Da ka iso ba ka faɗa mini ba. Sai da ka durƙusa bayan firji, riga ta ɗage, na ga shatin. Ko ruwa ba ka sha ba sai da injin ya tashi. Allurar nan ɗari huɗu kai ka cece ta, Baba, ko ɗaya ba ta shiga jikinka ba.

Zagayen farko na ma'aikatan lafiya ne. Na rubuta sunanka, aka soke daga sama, wai kai ba ma'aikaci ba ne, ɗan kiranye ne. To, na ji. Amma a wannan takardar na ga sunayen direbobi da masu shara da ban taɓa gani ba a shekara sha ɗaya, kuma da suka zo, da manyan motoci suka zo, suna ƙamshin turare. Na yi musu allura bakina a rufe. Da na faɗa maka sai ka yi dariya ka ce a bar su, layin tsofaffi na nan tafe.

Layin tsofaffi ya zo, ya zo da wata takarda daga ofishin shiyya. Bari in yi bayani don wanda bai sani ba. Kowace kwalbar rigakafi ta mutum goma ce. Idan aka huda ta, awa shida take yi, abin da ya rage sai a zubar. Sai takarda ta ce kada a kuskura a buɗe kwalba sai mutum goma sun cika a kan benci, kuma duk wadda ta yi asarar ko ɗigo za ta amsa tambaya. Mai sa hannu a takardar nan, daga ofishinsa mai na'urar sanyaya ɗaki, bai tambayi kansa ta yaya tsoho zai iso asibiti ba a garin da aka hana abin hawa. Ga shi jita-jita ta cika wayoyin mutane, kowa na tsoro. Ranar farko ku shida ne, muka sallame ku. Rana ta biyu ku bakwai.

Wani zai yi fushi ya zauna a gida. Kai kuwa sai ka ɗaura ƙyallen rufe hanci ka shiga bin ƙofa-ƙofa kana nemo mana mutane. Wanda ya ce maka allurar tana mayar da dantse maganaɗisu, ka ce masa ai da ka huta da neman sukundireba, sai ka manna abinka a hannu. Wani dattijo ɗan shekara saba'in da biyar ya ce yana tsoron ta hana haihuwa, ka dube shi sama da ƙasa ka ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, wace haihuwa ta rage maka?" Da dariya kake jawo su. Mutum ɗaya ce ta gagare ka, Mama, matarka. Ta ce ita kam ba da ita ba, ka je ka fara, in ba ka mutu ba ta bi sahu.

Sai ranar Alhamis ɗin nan. Kuka cika tara. Tun ƙarfe takwas kuke zaune, kowa nesa da ɗan'uwansa, kuna kallon ƙofa. A cikinku akwai wata tsohuwa da ɗanta ya turo a baro saboda babu mota. Ka ce a yi wa ɗan, ya zama na goma. Na duba katinsa, shekararsa arba'in da ɗaya, takarda kuwa ta ce sai mai hamsin. Ƙarfe huɗu saura na ɗauko kwalba na riƙe, na kira ogan shiyya, na roƙe shi. Na ce mutum tara ne, duk tsofaffi, ɗigon mutum ɗaya kawai za a rasa. Ya ce, "Sista, tara ba goma ba ce. In kin buɗe, ke za ki amsa." Ya kashe waya.

Kwalbar na hannuna, Baba. Babu ɗan sanda a ɗakin, babu oga, babu wanda ya riƙe mini hannu. Murfi ne ɗan ƙarami wanda babban yatsa ke cirewa. Na tuna aikina, na tuna 'ya'yana, na tsaya ina zufa. Kai ne ka ga halin da nake ciki, ka taso ka ce a hankali, "Mayar da ita, 'yata, kar ta huce a hannunki." Na mayar. Tsoro ne ya sa na mayar, ba biyayya ba, kuma na gaji da ba shi wani suna.

Ranar Litinin ka shigo kana murmushi har kunne, da mutane a bayanka. Ka ce yau dai ka cika mana goma. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Mutum goma ka nemo, ka manta ba ka sa kanka a lissafi ba. Ku sha ɗaya ne. Dole ɗaya ya tashi, don ba za a buɗe kwalba ta biyu saboda mutum guda ba. Kafin kowa ya yi magana ka miƙe, ka ce ai kai kullum kana nan, titi kawai za ka tsallaka. Ka tsaya a bakin taga kana tsokanar masu runtse ido har na gama da su.

Washegari motar ofis ta zo da wata takardar, aka kwashe kwalabe shida da suka rage mana, wai za a kai inda aka fi bukata. Bayan kwana biyu direban ya dawo mana da akwatin sanyi. A ciki na tarar da kwalba ɗaya, an huda ta, ta yi ɗumi, da sauran na mutum bakwai a cikinta. Na tsare direban da tambaya har ya faɗa. A falon wani babba aka buɗe ta, aka yi wa maigida da matarsa da wani baƙonsu. Mutum uku. Ba a ce musu su nemo bakwai ba. Ba a ce su dawo gobe ba. Wallahi da hannun nan da ya kasa buɗe wa mutum tara na jefa kwalbar a kwandon zubarwa.

Daga nan rigakafi ya yanke mana mako shida. Kowace safiya idan na iso asibiti, sai ka ɗago hannu daga rumfa kana tambaya, ni kuma in girgiza kai. Ranar da ban ga hannun ba, na aika aka ce kana gida da zazzaɓi. Tsakanin Alhamis ɗin da kuka cika tara da ranar da ka fara tari, kwana talatin da huɗu ne. Na ƙirga su fiye da sau ɗari. Sun ishi allura ta kama jiki.

Ba a bar iyalinka sun shiga wurinka ba. Ta waya muka yi maganar ƙarshe, kana jan kalma ɗaya kana hutawa. Na zaci wasiyya za ka bar mini. Sai ka ce robar ƙofar firji ta saki, ka sayo sabuwa tana rataye a ƙusa cikin rumfa, a sa kafin kaya su zo. Mutum kaɗan aka bari suka raka ka, daga nesa. Mutumin da ya bi gida-gida saboda jama'a, ko layi biyu ba a cika a kansa ba.

Masu ba ni haƙuri suna cewa ajali ne. Na yarda, ban taɓa jayayya da hukuncin Allah ba, kuma ban ce allura na hana mutuwa in lokaci ya yi ba. Amma ba ajali ne ya soke sunanka a takarda ba. Ba ajali ne ya kashe mini waya ba, ba shi ne ya aiko mota ta kwashe rabon tsofaffi zuwa falo ba. Mutane ne, suna da suna, suna da kujera, kuma har yau suna fitowa suna ce wa talaka shi ne ya ƙi rigakafi saboda jahilci. Ku ji tsoron Allah! Talakan da ya zo sau huɗu a ƙasa kuka kore shi? Akwai ranar da za a tambaye ku, kuma ranar ba za ku kashe waya ba.

Kwana takwas bayan rasuwarka sabon kaya ya iso, kwali-kwali, saura makonni kaɗan ya lalace. Ya zo da sabuwar takarda mai sa hannun mutumin nan dai. Yanzu wai a buɗe kwalba ko don mutum ɗaya ne.

Wadda ta fara zuwa Mama ce. Ta fito duk da tana cikin takaba, don kai ne ka sa ta yi maka alkawarin za ta karɓi allurar. 'Yarku ta riga ta faɗa mini cewa tun ranar da ka rasu ba ta da magana sai ɗaya: da ta bi ka ranar Alhamis ɗin, da kun cika goma. Ta ajiye mini robar firji a kan tebur, ta je ta zauna a ƙarshen benci inda kake zama. Ta dubi bencin, babu kowa. Ta ce, "'Yar nan, mutum nawa za mu jira?" Na ce ba za mu jira kowa ba. Na ɗauko kwalba, na sa yatsa, murfi ya fita. Ta daɗe tana kallon hannuna, sannan ta ce, "Ashe ana iya buɗewa."

Na yi mata allurar, ta tafi. A nan zan amsa. E, Mama, ana iya buɗewa. Ranar ma ana iyawa. Ki sauke wannan kaya daga kanki, ba naki ba ne. Ba rashin zuwanki ya hana Baba ba. Waɗanda suka rubuta dokar da su ba sa bi su ne suka hana shi, sai kuma ni da kwalbar ke hannuna na mayar. Ina roƙonki ki yafe mini, ke da 'ya'yanki, tun da shi ya tafi ban samu na roƙe shi ba.

Ya Allah Ka jiƙan Baba Sanyi, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka karɓi jinyarsa a matsayin kaffara. Yadda ya shayar da bayinka ruwan sanyi a rana, Ka sanyaya masa makwanci, Ka yalwata masa kabari, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Mama da 'ya'yansa da jikokinsa da dukan maƙwabta haƙurin wannan rashi, Ka tsare musu abin da ya bari. Ka yaye mana wannan annoba, Ka isar wa duk wanda aka mayar gida daga kan benci. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Na sa robar, Baba. Ƙofar tana kamawa yanzu.