Armiya'u Mai Cigiya da Masu Maganin Kasuwar Shinkafi

Armiya'u mai cigiya ya tsufa a kasuwar Shinkafi da lasifika rataye a kafaɗa. Yaro ya ɓata, akuya ta tsinke igiya, wani ya yar da makullin babur, duk wurinsa ake zuwa. Da sana'ar nan ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'ya. Sai ga masu maganin gargajiya da motocinsu, kowace da ƙatuwar lasifika a ka.

Wannan ya ƙara murya, wancan ya ƙara, ƙarshenta ba a jin kowa sai ciwon kai. Armiya'u ya tara su ya ce a yi bi da bi, in wani na magana saura su dakata. Kowa ya ce madalla. Kasuwa na zagayowa, Jabir mai maganin basir ya ji sauran sun yi shiru, ya yi ta zuba babu birki. Shi ke nan, kowa ya murɗe tasa har ƙarshe. Mutanen nan sai dai haƙuri, wallahi.

Wata Alhamis Asta, Bafulatana mai tallan nono, ta zo wurinsa, 'yarta ta ɓace.

"Ya sunanta?" in ji Armiya'u.

Ta sunkuyar da kai. 'Yar fari ce, a gidansu uwa ba ta kama sunan 'yar fari.

"Haba baiwar Allah, to in kira wa?"

"Mai jan kallabi," ta ce.

Ya yi ta zagaye yana cigiyar mai jan kallabi, shi kansa ba ya jin abin da yake faɗi. Ya roƙi Jabir ya kashe tasa, Jabir ya ce sauran su fara. Sauran ma haka suka ce. Takaici ya ishe shi.

Sai da aka kira Azahar suka kashe, don ladan kaɗai suke saurara wa. Ana gama kira kasuwa ta yi tsit. Armiya'u ya danna lasifika, batir ya mutu. Ya buɗe baki, murya ta dishe.

"Yanzu za su kunna," ya ce wa Asta da ƙyar.

Ta ajiye ƙwarya, ta runtse ido, ta ƙwala kira: "Saudatu!"

Daga rumfar masu hatsi yarinya ta fito a guje, sai ta ja ta tsaya tana kallon uwarta. Ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba.