Washar Gida Na Biyu

Shekara talatin da ɗaya Tolegen Sarsenbayev ya yi yana kula da bututun ruwan zafi a garinsu, wani garin masu haƙar kwal a yankin Karaganda. Ya kama aikin ne da dawowarsa daga soja, don ubansa ya rantse ba zai ba ramin kwal ɗa na biyu ba. Tukunya ɗaya ce ke dafa wa unguwar ruwa. Daga nan famfo ke tura shi ta ƙarƙashin ƙasa, ya shiga gidajen bene tara da ke jere, ya zaga ƙarafan ɗumi na kowane ɗaki, sannan ya koma. A mashigar kowane gida akwai washa, wato faifan ƙarfe mai huda a tsakiya. Hudar gidajen kusa ƙarama ce, ta na nesa babba, don kada na gaba su shanye rabon na baya.

A gida na biyu Tolegen yake zaune. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ciwon ƙoda ya kama matarsa Zauresh, ta zama ko a cikin bargo uku rawar ɗari take yi. Wata Asabar ya sauka ɗakin ƙasa da sifana da magagari, ya rufe ruwa, ya ciro washar, ya goga hudar har babban yatsansa ya shige, ya mayar. Bai gaya wa kowa ba, har ita. Daga ranar gida na biyu ya zama abin kwatance. Maza na yawo da singileti a watan Janairu, mata na buɗe tagogi, Zoya Petrovna ta hawa na farko har tumatir ta shuka a bakin taga. Mutanen gida na tara kuwa da rigunan sanyi suke kwana. In sun rubuta ƙorafi sai a ce musu laifin nisa ne, kuma sau da yawa Tolegen ake aika ya kai musu wannan amsa.

Zauresh ta rasu a watan Oktoban bana. Aka yi sadakar bakwai, aka yi ta arba'in, 'yarsu ta koma Astana wajen mijinta. Tolegen yakan tashi, ya sha shayi da madara, ya bi layin bututu yana duba inda dusar ƙanƙara ta narke, ya dawo. Mutane na yaba haƙurinsa. Shi bai san ko haƙuri ba ne. Abin ya fi kama da ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Ranar wata Juma'a a watan Disamba sabuwar injiniyarsu, Akmaral, ta kira shi ofis. Takardu sun cika mata tebur. Aga take ce masa, wato yaya, don girmamawa.

"Tolegen-aga, zo ka ga abin da zai haukata ni. Sau huɗu na yi lissafin nan. A takarda gida na tara digiri ashirin yake samu. Jiya na shiga da ƙafata, goma sha ɗaya! Akwai mai jego a hawa na biyar, ta kunna murhun gas ta kwantar da jaririn a kicin."

"Takarda ba ta jin sanyi, ɗiyata."

"Kai ma ka koyi bakin shugabanmu ke nan. Shi cewa ya yi ranar Litinin in ƙara wa famfo ƙarfi."

Tolegen ya san bututun da ke ƙarƙashin hanyar makaranta, sau shida yana yi masa walda. Ƙarfensa ya koma kamar gwangwanin madara. In ya fashe a irin wannan sanyi, kafin a tono shi gidajen tara sun daskare.

"Ba zai ɗauka ba," in ji shi.

"Ai na sani! To ina ruwana yake tafiya? Aljanu ke shanye shi?"

Tolegen ya san inda ruwan yake tafiya. Wata takwas suka rage masa ya yi ritaya, kuma dokar wurin a fili take, duk wanda ya taɓa washa ba da izini ba korarsa ake yi. Ya lalubi tsoro a ransa, bai same shi ba. Ya sa hularsa ya fita.

Ranar Asabar ya je ɗakin ƙira ya yanko sabuwar washa daidai da awon da ke cikin tsohon zane. Ranar Lahadi da hantsi yana sauka ɗakin ƙasa sai ga Zoya Petrovna ta leƙo, da ludayi a hannunta. Toke take ce masa.

"Toke, me za ka taɓa mana da wannan ƙatuwar sifana? Kada ka ɓata abin da Allah ya gyara."

"Ba Allah ba ne, Petrovna. Ni ne."

"To ko wane ne, a bar shi haka. Tumatirina sun fara ja."

"Ki tsinke su yau."

"Ji tsohon banza! Tun da aka binne matarka ba ka ƙara yin magana mai daɗi ba."

Minti arba'in aikin ya ɗauke shi, don kusoshin sun yi tsatsa.

Da safiyar Litinin ya ajiye tsohuwar washar a kan takardun Akmaral. Ta ɗauka, ta juya ta, ta zura yatsa a hudar.

"Wane mara tsoron Allah ne ya..." Sai ta dubi fuskarsa.

"Ta gidanmu ce. Shekara goma sha ɗaya."

"Saboda Zauresh-apa?" Haka take kiran marigayiyar, wato yaya Zauresh.

"Eh."

"Aga, mutanen gida na tara ma suna da mata."

"Suna da su."

"Ka san dole in rubuta."

"Rubuta. Amma fara kiran masu famfo, kada su taɓa komai."

Ta kira su. Sannan ta jawo farar takarda, ta daɗe tana kallonta kafin ta sa biro.

Ranar Laraba da la'asar ta buga masa waya a gida. Ta ce gida na tara ya kai digiri goma sha takwas, har hawa na biyar. Ta ce kuma shugaba ya ce ya zo gobe da makullansa. Tolegen ya ce to, ya tambaye ta ƙarfe nawa, ta ce tara.

Yana ajiye wayar aka fara buga ƙarfen ɗumi da cokali daga hawa na sama. Na ƙasa suka amsa, ƙarar ta bi bututu ta game gidan. Can a matakala wani na ihu yana tambayar ina Tolegen ya shiga, ashe ba ya jin gida ya yi sanyi? Ya zauna a bakin gado ya fara cire makullan aiki daga cikin nasa. Guda goma sha huɗu ne, kuma zoben ya yi tauri.