Malam An-Gwada da Bindigar Lamba

Duk wanda ya yi zamani da Malam Haruna a Kurfi ya san ba ya hawa kekensa kai tsaye kamar sauran bayin Allah. Sai ya zagaye shi tukuna. Ya latsa tayar gaba, ya latsa ta baya, ya ja birki, ya kaɗa ƙararrawa, sannan ya lashi yatsa ya ɗaga sama ya ji inda iska ta nufa. Duk wannan fa bakin kasuwa za shi, inda ko agwagwa sai ta riga shi isa. Ko koko ka miƙa mishi sai ya tambaya, "An gwada?" Da haka sunan ya bi shi.

Taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da izinin tsokanarsa har bayan ransa. Amma in kun ga ɗiyata Binta, fuskarta sumul ba ramin agana ko ɗaya, to wannan taurin kan nasa ne sila. Ku bi ni a hankali.

Soja ne a yaƙin Turawa, amma ko ɓera bai harba ba. Filin jirgin Kano aka ajiye shi yana ɗaure noti. Maigidansa wani Bature ne sojan sama, aikinsa in an gyara jirgi shi zai fara tashi da shi, in bai faɗo ba sannan a ba wasu. Kuma yana da doka: wanda ya ɗaure notin, shi zai zauna a bayansa. Rannan abin ya faɗo kan Haruna.

Na taɓa tambayarsa, "Kofur, mi ka gani a sama?"

Ya ce, "Cikin hulata."

Da na gama dariya sai ya ce, "Daga baya na leƙa, na ga Kano kamar shanyar barkono. Amma, Isa, ba Kano ke raina ba. Wani noti ne a fiffiken hagu, ina ta tunanin ko na ƙara mishi murɗi."

Da ya dawo gida aka ba shi ajin yaƙi da jahilci a gindin tsamiya. Ni ma na shiga, har na kai inda ake haɗa baƙi da wasali, sai damina ta faɗi na ce wa boko ya jira ni. Yana nan yana jira. Da rabin da na samu nake rubuta maku wannan, wanda ya ga kuskure ya tambayi damina.

A ajin nan ne ya ba mu labarin lemar da sojan sama ke dira da ita. Wani magidanci ya ce ƙarya ne, tsumma ba ya riƙe mutum. Malam bai yi gardama ba. Ya aro babbar lemar mai tireda, ya hau kan rumbu, ya lashi yatsa, ya yi bismilla, ya diro. Lema ta juye, Malam ya sauka a turken awaki. Muka ruga. Yana kwance ya ɗaga hannu ya ce, "Ku rubuta: lemar ruwa ba ta yi."

Kai, Malam!

Da rediyo ta fara cewa ana harba mutane sama suna zagaya duniya, Kurfi ta rabu biyu. Aka zo wajensa. Ya ce, "Ban gani ba, amma na ji an ce yawancinsu masu gwajin jirage ne, irin maigidana. Dama su ake turawa gaba." Na ce to in an kira shi zai tafi? Ya ce zai tafi, in an bar shi ya latsa tayoyi. Aka ce ai abin ba shi da taya. Ya ce, "To su gaida na sama."

Sai shekarar da agana ta shigo ƙauyukan da ke kewaye da mu. Ma'aikatan lafiya suka zo daga Dutsin-Ma ranar kasuwa, za su yi wa mutane lambar rigakafi da wata na'ura mai kama da bindiga, ana taka ta da ƙafa. Lokacin ana yaƙin basasa, ko kwano ya faɗi sai gaban mutum ya faɗi. Kafin a ce mi, kasuwa ta watse. Mata suka cusa yara cikin rumbuna. Matata Hajara ta saka Binta a namu, ni kuma na tsaya a bakin zaure a matsayina na maigida, ina nazarin al'amarin.

Malam ya iso a kekensa. Ya zagaye na'urar, ya taka fedarta, ya naɗe hannun riga. Ma'aikacin ya ce, "Baba, ai kai kana da lamba, ga tabonka na soja."

"Wancan daban. Wannan an gwada?"

"An gwada a ƙasashe da yawa."

"A Kurfi nake tambaya."

Aka ɗora mishi a dantse. Tas! Malam ya ce, "Wash!" da ƙarfi, har masu leƙe ta katanga suka ƙara wuta. Ma'aikacin ya dafe kai. "Haba Baba, ka ɓata mana aiki!"

Ya ce, "Da zafi kaɗan. In na ce babu, gobe wa zai yarda da ni? Ku dawo kasuwa mai zuwa."

Ya je gida ya yanke hannun rigarsa ta Juma'a, ya dawo gindin tsamiya ya zauna, dantse a waje. Kullum bayan la'asar yana ba gari rahoto. Yau ya yi ja. Yau ya kumbura, da ɗan zazzaɓi. Yau ƙaiƙayi kawai, kuma na ci tuwo na ƙoshi. Tsofaffi mata suka riƙa zuwa suna latsa wurin, suna jiran ya faɗi. Ya ƙi faɗuwa.

Ana gobe kasuwa ya yi sallama a gidana. "Isa, a fito da ɗiyata daga rumbu, ba dawa ba ce."

Hajara ta fito, ta daɗe tana duban dantsen nan. Ta ce, "Malam, in ɗiyar cikinka ce fa?"

Allah bai ba shi haihuwa ba, duk mun sani. Malam ya ce, "Ba ni da wadda ta wuce ta. Shi ya sa na gwada kafin ta."

Washegari Binta ce ta farko a layi, a bayan kekensa ta tafi. Sai da ya latsa tayoyin, ba shakka. Bayanta layi ya miƙe har bakin masallaci.

Bayan shekaru, ranar da ya rasu muka ɗauke shi, ban san lokacin da na zagaye makarar ba, na jijjiga ta, na duba ɗaurin. Ba wanda ya yi dariya.

Allah, wannan bawa naka bai taɓa tura wani inda shi bai taka ba. Ga shi ya sake riga mu. Ka sauke shi lafiya, Ka yalwata mishi makwanci, Ka sada mu da shi cikin rahamarKa. Amin.